Jirgin da Ya Faɗo Ana Sallar Juma'a

Ranar Juma'a jirgin ya faɗo, a tsakiyar damina, cikin shekarun nan da aka gama yaƙin basasa. Liman ya tayar da salla ke nan a babban masallacin birnin Zariya, sai aka ji wata ƙara ta bi ta saman kawunan mutane, tana tari tana ɗaukewa kamar injin niƙan da tsakuwa ta shiga. Can sai aka ji dim, ƙasa ta amsa. Babu wanda ya yanke sallarsa, amma Allah kaɗai Ya san inda zukatan mutane suke a raka'a ta biyu.

Liman na sallamewa aka ɗunguma inda hayaƙi ke tashi, wajen gonakin da ke cikin ganuwa ta Ƙofar Galadima. Ƙaramin jirgin soja ne. Jiragen wancan zamani tsofaffi ne, in inji ya tsaya wa mutum a sama, sai dai ya nemi fili da idonsa ya yi addu'a. Wannan ya kafe hanci cikin gonar dawa, wuta na ci. Aka yi ta watsa ƙasa da ruwan kududdufi har ta mutu. Da aka leƙa mazaunin matuƙi, babu kowa.

Sai wajen la'asar sojoji suka same shi can cikin dawa, a gindin wata tsamiya, inda ƙafar jama'a ba ta kai ba. Ya riga ya cika. Kuben ƙaramar bindigarsa na nan a ƙugunsa, a buɗe. Bindigar ce babu.

Shugaban sojojin da suka zo wani saurayi ne, Laftanar Zulkiflu. Matuƙin kuwa, Bashir, abokinsa ne, ɗakinsu ɗaya a bariki. Ya tsaya a ƙofar gidan Mai unguwa Sagiru, idonsa jawur, ko tabarmar da aka shimfiɗa masa bai kalla ba.

"Mai unguwa, da ransa ya fita daga jirgin nan," in ji shi. "Ya ja ciki har gindin bishiya. Wani ya tarar da shi a can. Ko dai ya ƙarasa shi, ko ya tsaya yana kallonsa har ya mutu, sannan ya zare masa bindiga. Mutumin nake so, da bindigar."

"Ranka ya daɗe, ai duk muna masallaci."

"Dukanku?"

Mutanen da ke tsaye suka fara satar kallon juna, kowa na tuna wanda ya gani a sahu da wanda bai gani ba.

Nan ne aka aika a kira Nasidi. Nasidi tsohon maharbi ne da ciwon gwiwa ya raba da daji, ya koma bin sawu. In an kwance wa mutum jaki ko an haura masa katanga, shi ake kira, ya duƙa ya yi ta kallon ƙasa kamar wanda allurarsa ta faɗi, har ya kai mutane ƙofar ɓarawo. Ba shi da gaggawa a aikinsa. Amma ran nan sojoji ne a bayansa da manyan bindigogi, rana ta yi sanyi, ga hadari na haɗowa.

Kafin ya isa gindin tsamiyar an riga an ɗauke gawa an sa a mota. Ya ware sawun takalman sojoji gefe, sai ya rage sawu ɗaya da ya zo ya koma ta hanya guda. Takalmin taya ne irin na shiga gona, an yi masa faci a dunduniyar hagu. Nasidi ya san facin nan. Ya bi shi cikin kunyoyin dawa, sojoji na take masa baya, har ya shige ta gibin dangar gidan da ya yi iyaka da gonaki, gidan marigayi Malam Dalhatu, wanda ba a daɗe da yin sadakar arba'in ɗinsa ba.

"Takalmin wa?" in ji Laftanar.

"Na Aƙilu ne, ɗan gidan," in ji Nasidi. Maganar ta fita kafin ya auna ta.

Aƙilu kuwa ya ji motsi ya fito ta gibin, rigarsa ta Juma'a na jikinsa. Dogon mutum ne, manomi, marar yawan magana. Laftanar ya ce a shiga a bincika gidan ɗaki-ɗaki. Sai Aƙilu ya tare hanya da jikinsa.

"Kada ku shiga, ranka ya daɗe. Mahaifiyata takaba take yi. Takalmi nawa ne, ni na je wurin."

"Bindigar fa?"

"Na jefa ta a kududdufi."

A nan aka ɗaure masa hannu. Aka kai shi zauren Mai unguwa aka sa wani kofur gadinsa. Laftanar ya ce gobe bayan azahar mota za ta dawo, da bindiga ko babu bindiga, da Aƙilu za ta koma bariki. Kowa a birni ya san abin da zuwa bariki ke nufi a wancan lokaci, musamman ga wanda ake zargi da jinin soja. Da za a wuce da shi ta gaban Nasidi, Aƙilu bai ko ɗago kai ba.

Nasidi ya kama hanyar gida gwiwarsa na ƙara nauyi. Shi da Malam Dalhatu tare suka yi ƙuruciya, a gabansa aka raɗa wa yaron nan suna. Amma ba wannan ne ke cin sa ba. Kududdufin yana arewa da gonar ne, sawun da ya bi kuwa ko karkata can bai yi ba.

Allah Ya taimaka hadarin ya watse, ba a yi ruwa ba. Da gari ya waye sojoji suka sa samarin unguwa shiga kududdufi. Suka yi ta lalube cikin taɓo, abin da aka fito da shi tsohuwar tukunya ce da ƙashin kan jaki. Kafin hantsi magana ta sauya a bakin mutane: ai Aƙilu bai jefar ba, Tanimu maƙeri ya kai wa. Tanimu ne ke gyara wa maharba bindigogi, kuma ba a gan shi a masallaci ba.

Nasidi ya same shi a maƙera yana hura wuta.

"Sannu da aiki, Tanimu."

"Yawwa, Baba Nasidi. Yau ƙofata ƙasa ta nuna maka?"

"Jiya ba a gan ka a sahu ba."

"Cikina ne ya ɓaci. Wake na ci."

"Waken bai hana ka zuwa kallon jirgi ba."

"Ai da ya ji ƙarar shi ma tsayawa ya yi."

Nasidi bai yi dariya ba. Idonsa na kan tarin gawayin da ke lungu, wanda aka tara shi da kyau fiye da yadda Tanimu ya saba tara komai. Ya sa sandarsa ya ture. Wani farin ƙarfe ya leƙo, da fentin jirgi a jikinsa.

Tanimu ya saki zugazugi. "Don girman Allah, Baba, ka rufa mini asiri. Bayan an kashe wuta na ɗauka, cokula zan yi da shi. Shi jirgin ai ba sake tashi zai yi ba."

"Bindigar fa?"

"Wallahi ko kubenta ban gani ba. Kuma wai Aƙilu? Mutumin da in za a yanka kaza a gidansu sai ya kira maƙwabci? Ni dai in tambaya kake so ka yi, tambayi Ramalan. Jakansa na gani suna dawowa su kaɗai, mangala ba ta ko cika ba."

Ramalan mai jakai ƙasar gini yake sayarwa. Nasidi ya tarar da shi a bayan gida yana ba su ƙaiƙayi, ya gan shi ya yi kamar bai gani ba.

"Ramalan, a wane masallaci ka yi Juma'a?"

"A na Allah."

"To a masallacin nan naka, jar ƙasa ake ba jakai su ɗauko? Ga ta nan a mangala. Duk birnin nan a jikin ganuwa kaɗai ake samun irinta."

Ramalan ya waiga hagu ya waiga dama. An hana haƙar ganuwa, wanda aka kama fada ake kai shi. Ya matso ya yi ƙasa da murya.

"Lokacin Juma'a ne kawai ba kowa, Baba. Mangala ɗaya zan cika. Ina kan ganuwa abin ya faɗo, na kwanta ruf da ciki ina salati."

"Daga can ana hango tsamiyar."

"Ana hangowa."

"Me ka gani?"

"Ba na son faɗa." Ya shafa wuyansa. "Da na ɗago kai, sai na ga dawa na motsi, ana ratsa ta daga wajen gidaje zuwa tsamiya. Abu fari-fari yana ɗan bayyana yana ɓacewa. Ko kai ban gani ba, dawa ta shanye shi. Baba, tsamiya ce fa, rana tsaka, kuma Juma'a. Ni na san wanda ke yawo a irin wannan wuri a irin wannan lokaci. Ban tsaya ko kora jakai ba."

"Ba ka ga kai ba, ka ce?"

"Ko hula."

Nasidi ya tsaya yana kallon jakan suna tauna. Dawar bana ba ta wuce kafaɗarsa ba tukuna. Aƙilu kuwa ya ɗara shi tsawo sosai.

Daga nan zauren Mai unguwa ya nufa. Aƙilu na zaune a jingine da bango, igiya ta fara cin wuyan hannunsa, kwanon kokon da aka kawo masa na gefe bai taɓa ba. Kofur ɗin da ke gadi mutumin kudu ne, Hausar bariki yake ji. Ya bar Nasidi ya zauna.

"Aƙilu, yaya ka kwana?"

"Lafiya, Baba."

"Da ka je gindin tsamiya, yaya ka bar mutumin nan a kwance?"

Aƙilu ya dubi ƙasa. "A rigingine."

"Ya yi maka magana?"

"Baba, ka gama aikinka tun jiya. Ka bar shi haka, don Allah."

Kofur da ke jingine a bakin ƙofa ya girgiza kai. "Ƙarya ne wannan. Ni ne na fara gani oga. Ba rigingine ba. Gefe ya kwanta, gefe na dama, ido rufe kamar barci."

Nasidi ya juyo. "Fuskarsa na kallon ina, samari?"

"Wajen da rana yake fitowa. Ya ɗaure haɓa da farin tsumma, har sama da kai. Na ce ciwo ne ya ɗaure, na kwance na yar kafin mu ɗauka."

Nasidi ya san babu mai ɗaure wa kansa haɓa. Wanda ya cika ake yi wa haka, a rufe masa ido, a juya shi dama ya fuskanci alƙibla. Ya dubi Aƙilu. Aƙilu ya kawar da kai.

Wannan karon Nasidi shi kaɗai ya koma gona, ba soja a bayansa. Bai fara da tsamiya ba. Gonar Aƙilu ya shiga, ya nemi inda ya yi ciran ciyawa jiya da safe kafin ya yi wankan Juma'a. Ga sawun nan, takalmin nan dai mai faci. Taku ne mai faɗi, dunduniya ta nutse cikin danshi, irin tafiyar dogon mutum mai nauyi.

Sannan ya je ya tsuguna a kan sawun da ya bi jiya. Takalmi ɗaya ne, ba shakka. Amma taku gajere ne, kusa-kusa. Gaban takalmin ne kawai ya danne ƙasa, bayan kuwa ja yake yi yana share ta, dunduniya ba ta zauna ba ko sau ɗaya. Ƙafar da ke cikin takalmin nan ba ta cika shi ba.

"Kai, Nasidi," ya ce da kansa a hankali. "Takalmi ka bi, ba mutum ba."

Ranar Juma'a namiji ba ya zuwa masallaci da takalmin gona. A bakin ƙofa yake barinsa, ya sa na ado. Duk wanda ya rage a gida, in fita ta kama shi ba shiri, shi zai zura. Jiya an yi ta ƙirga mazan da ba su je masallaci ba, ba wanda ya tuna da waɗanda dama ba sa zuwa.

A gindin tsamiya ya ga sauran. Ga inda aka zauna aka lanƙwashe ƙafafu gefe ɗaya, zaman mata. Ga da'irar gindin buta a ƙasa. Kusa da nan kuma akwai wani ɗan wuri da ƙasa ta tuttuje, yatsu sun karce ta, kamar hannaye biyu sun ja abu ɗaya kowa na son ƙwacewa. Nasidi ya daɗe a kan wannan wurin. Da ya miƙe, sai ya sa tafin ƙafarsa ya share shi.

Ya yi sallama a gidan Malam Dalhatu. Maijidda matar Aƙilu ta fito soro, idonta a kumbure.

"Ina kike jiya lokacin Juma'a, 'yata?"

"Unguwar Kwarbai na je barka, Baba, ƙanwata ta haihu. Da na dawo na tarar Inna na wanke zane tana kuka, takalmin Aƙilu a jiƙe a ƙofar ɗakinta. Shi ma ya gani. Bai tambaye ta ba, ni ma ya hana ni."

"Ta san inda yake yanzu?"

"Cewa ya yi in gaya mata sojoji sun ɗauke shi gadin jirgi." Ta fashe da kuka. "Baba, in aka ji mai takaba ta fita har cikin gona wurin wani namiji, ina za ta sa kanta a unguwar nan? In kuma aka yi shiru, shi za a tafi da shi."

Nasidi ya jingina da sandarsa. Jiya bakinsa ya ɗaure ɗa, yau kuma bakin nan zai tona uwa. Ya so a ce akwai hanya ta uku, ya duba bai gani ba. Ya ce a yi masa iso. Ya tsaya daga wajen asabarin ɗakin tsohuwar.

"Sailuba, Nasidi ne. Yaya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya, Malam Nasidi. Ka ga Aƙilu kuwa? Tun jiya ko abinci bai shigo ya ci ba."

"Na gan shi. A ɗaure yake a zauren Mai unguwa. Ya ce shi ya je gindin tsamiya, shi ya ɗauki bindigar sojan nan. Bayan azahar za su tafi da shi bariki."

Can ya ji ƙarar carbi ya faɗi a kan tabarma.

"Je ka kira su," in ji ta. "Nan za su zo. Na fita sau ɗaya, ba zan ƙara ba."

Ana idar da azahar zauren Malam Dalhatu ya cika. Laftanar Zulkiflu na tsaye, motarsa na jira a bakin lungu. Mai unguwa na zaune a kan buzu. Aka shigo da Aƙilu a ɗaure. Tanimu da Ramalan suna rakuɓe a gefe, kowa na hararar ɗan'uwansa. A waje mutane sun yi cincirindo har kan katanga.

"Tsoho, ka ce in zo nan in karɓi bindiga," in ji Laftanar. "Ga mutum uku. Wanne ne?"

"Tanimu ƙarfen jirgi ya ɗauka, ranka ya daɗe, ga shi can ya dawo da shi. Ramalan abin da ya kai shi wurin tsakaninsa da Mai unguwa ne, bai sauko daga ganuwa ba. Shi kuwa Aƙilu, ni na ce takalminsa ne, kuma nasa ne. Amma ba ƙafarsa ce a ciki ba."

"Ni ne!" Aƙilu ya yunƙura zai tashi. "Na faɗa muku ni ne. Me kuma ake nema? Ku tashi mu tafi."

"Rufe mini baki, Aƙilu."

Muryar daga bayan ƙofar cikin gida ta fito, inda aka saki asabari. Ba ta da ƙarfi, amma zauren ya yi shiru.

"Tun kana goye ba ka iya ƙarya ba, yau za ka koya? Mai unguwa, ni ce Sailuba. Ni na je."

Aka ji guna-guni daga waje. Wani ya ce, "Mai takaba?" Wani ya ja salati.

"Na ji ku," in ji ta. "Na san na fita, na kuma san abin da za a ce. Ku ce. Ina zaune a ɗakina abin ya faɗo. Da ƙarar ta lafa sai na ji ana kira a bayan danga, ana cewa, wayyo Inna, ruwa. Na saurara ko wani zai je. Duk unguwar nan babu namiji, kuna masallaci. Ya sake kira. Muryar yaro ce, ba ta fi ta Aƙilu ba. Na ɗauki buta, na zura takalmin da na gani a ƙofa saboda ƙaya."

Laftanar ya matso kusa da asabarin. "Da ransa kika same shi, Inna?"

"Da ransa, ɗana. Amma daga ƙugu zuwa ƙasa ba kyan gani, wuta kuma ta taɓa shi. Na ɗora kansa a cinyata na ba shi ruwa. Ya ce da gangan ya kauce wa gidaje, ya tambaye ni ko ya taɓa wani. Na ce ko akuya bai taɓa ba. Da ya cika na rufe masa ido, na yagi mayafina na ɗaure masa haɓa, na juya shi gabas. Ban iya jan shi ba, da na kawo shi gida."

"To bindigar fa? Me ya haɗa ki da ita?"

Sai hannu ya fito ta ƙarƙashin asabari ya turo wani ƙunshi, farin mayafi mai yagaggen baki.

"Ga abinku. A cikin tukunya ta kwana. Tun jiya nake jiran Aƙilu ya shigo in ba shi ya kai wa Mai unguwa."

Laftanar ya tsuguna ya warware mayafin. Nasidi na kallon fuskarsa, ya ga lokacin da ta sauya. Bindigar a ɗane take, saura kawai a taɓa kunama. Jini ya bushe a jikinta, shatin babban yatsa, na namiji. Laftanar ya juya bakinta ƙasa, ya kwance ta a hankali, ya zare harsasan ya zuba a aljihu. Tsohuwar da ke cikin kulle ba ta san yadda ake ɗana bindiga ba, shi ma ya san haka.

Ya sunkuya daf da asabarin, ya yi magana ƙasa-ƙasa, Nasidi da ke kusa ne kaɗai ya ji.

"Inna, shi ya ɗana ta?"

"Azaba ta yi masa yawa, ɗana," in ji ta, ita ma a hankali. "Na fi shi ƙarfi a lokacin, shi ke nan. Na yi ta faɗa masa kalmar shahada har ya karɓa. Da ita ya cika, a bakinsa na ji. Abin da za ka gaya wa uwarsa ke nan. Kada ka ƙara komai a kai."

Laftanar ya daɗe a tsugune, kansa a ƙasa. Da ya miƙe bai goge idonsa ba. Ya zaro wuƙa daga ɗamararsa ya miƙa wa Nasidi, ya nuna Aƙilu da kai. Sannan ya juya ga jama'ar da ke leƙe.

"Bindiga ta fito. Tsohuwar nan ɗauke ta ta yi don kada ta faɗa hannun da bai kamata ba. Ta yi wa ɗan'uwana abin da uwarsa za ta yi masa. Duk wanda na ji ya faɗi wata magana a kanta, ni da shi ne."

Nasidi ya durƙusa da gwiwarsa mai ciwo ya yanke igiyar. Aƙilu ya yi ta murza wuyan hannunsa.

"Da ka bar ni na tafi, Baba."

"Da na bar ka, da ta ji daga baya, kuma da ba ta yafe mana ba, ni da kai."

"Aƙilu," in ji muryar daga ciki, "shigo nan. Tuwon jiya na nan na ɗumama maka, in ka ci sai mu yi maganar gadin jirgi."

Ya sunkuyar da kai ya ɗaga asabari ya shiga.

Mota ta tashi, jama'a suka fara watsewa, ana tafe ana ƙus-ƙus. Nasidi ya san gargaɗin soja ba zai hana bakin unguwa motsi ba, sai dai ya rage masa ƙara. Ya ɗauki sandarsa ya fito. Bai yi nisa ba Tanimu ya cim masa a lungu, yana waige-waige.

"Baba Nasidi, tsaya. Ni fa gyaran bindiga ne sana'ata. Na ga abin nan lokacin da ya buɗe mayafi, a ɗane take. Tsohuwa ba za ta iya ba. To wa ya ɗana, kuma wa za a harba? Kai da ka koma gindin tsamiya, me ka gani?"

Nasidi ya tsaya ya dube shi sama da ƙasa.

"Na ga inda aka zauna, na ga inda aka ajiye buta."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan abin da ke wurin. In ba ka yarda ba, je ka duba."